Maƙwabcin Iya na Bayan Katanga

Gidan da na tashi a cikinsa a Kano, katanga ɗaya ce ta raba shi da gidan silima. Silimar irin ta da ce, marar rufi, saboda haka duk abin da aka yi a cikinta har tsakar gidanmu yake isowa, hoto ne kawai ba ya tsallakowa. Harbin bindiga, kukan jirgin ƙasa, waƙa, ihun 'yan kallo, duk muna da rabo a ciki ba tare da mun yanki tikiti ba. Mahaifina ya sha rantsuwa cewa zai sayar da gidan ya koma inda mutum zai yi nafila cikin natsuwa. Bai isa ba. Gidan na mahaifiyarsa ne, kakata Iya Tasalla, ita kuwa a gindin wannan katangar ta kafa murhunta.

Gyaɗa take soyawa da rairayi a wani tsohon kasko mai tsagaggen baki. Ba ta taɓa taka ƙofar silima ba, kuma da za ka ce mata ta shiga, da ta yi maka kallon wanda ya taɓu, domin a zamaninta macen kirki ba ta zuwa nan. Indiyanci kuwa ko kalma ɗaya ba ta ji. Amma ta fi shekara ashirin tana sauraron mutum ɗaya, wani babban jarumin fina-finan Indiya da duk garin ya sani. 'Yan kallo sun raɗa masa sunaye kala-kala, ita kuwa Maƙwabci take ce masa.

"Mutumin da ya shekara ashirin yana magana a bayan ɗakina," in ji ta, "in ba maƙwabci ba, mene ne shi?"

Ko gyaran murya ya yi ta gane shi. Za ka ga ta dakatar da ludayin juya gyaɗa, ta karkata kai wajen katanga, ta ce, "Ya iso." Abin da ta ji a daren jiya shi take ba mu yau, tsakanin magariba da lisha, kafin a tayar da injin silima. Mukan zagaye murhun, mu jikokinta da 'ya'yan maƙwabta, ta ba kowa ɗan jimƙin gyaɗar da ta ƙone wadda ba za ta sayu ba. Ni sunan marigayi mijinta aka sa mini, Habibu, don haka ba ta kama sunana, Maigida take ce mini, kuma ba na tsira daga bakinta.

"Dube shi. Maigidan da ko cefane bai bayar ba, shi ya fi kowa miƙo hannu."

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Ita cewa take, "Ga ta nan ta hau katanga." Mu kuma mu amsa da ƙarfi, "Ta diro mu tare ta!" Idan ta gama sai ta tura rairayi kan garwashi ta ce, "Wuta ta kwanta, baƙo ya koma gidansa."

A wurin Iya ba fina-finai daban-daban ake nunawa a bayan katangar ba. Rayuwar mutum ɗaya ce ake ta ci gaba da ita, kuma ga yadda take.

Wai akwai wani saurayi, shi kaɗai uwarsa ta haifa. Wata rana ta kai masa abinci tashar jirgin ƙasa, inda yake zaune da abokansa 'yan gayu. Da ya ga tsohon zanen da ke jikinta sai kunya ta kama shi, ya ce musu ai mai aikin gidansu ce. Ta ajiye kwanon a gabansa, ta juya. Kafin ya gama dariya da abokai, jirgi ya tashi da ita a ciki. Tun daga ranar yake bin ta gari gari don ya nemi gafara. A wani garin ya yi dako, a wani ya yi direba, a wani ya yi ɗan sanda, akwai ma inda ya yi sata, Iya ta ce yunwa ce ba hali ba. Duk inda ya sauka mata sukan so shi su yi ta rera masa waƙa, shi ma ya amsa don kada a ce ya yi wulaƙanci, amma hankalinsa ba ya wurin. Can sai maƙiya su taru su kashe shi. Iya takan san an kashe shi idan silimar ta yi tsit, ba ka jin komai sai wata sarewa mai karya zuciya. To sai Mutuwa ta ɗauke shi har ƙofar gidanta, ta tsaya ta dube shi.

A nan Iya takan shaƙe murya. "Ka ga uwarka?" Sai ta mai da murya ta saurayi. "Ban gan ta ba tukuna." Ta sake shaƙewa. "To tashi ka ba ni wuri. Ba na karɓar mai irin wannan kaya a ka."

Shi ya sa bayan sati biyu ko uku sai a sake jin muryarsa a wani garin, da wani suna, da wata sana'a. Kullum mukan tambaye ta, "Iya, zai same ta kuwa?" Ita kuma ta ce, "Ku bari mu ji abin da zai ce yau."

Akwai abin da na sani a lokacin amma ban haɗa shi da tatsuniyar ba. Iya tana da ɗa na fari, yayan mahaifina, Baffa Ilu. Tun kafin a haife ni suka sami saɓani da ita, ya ɗauki jakarsa ya bi fataken goro zuwa Kumasi. Bai dawo ba, bai aiko ba, ba a kuma ambatarsa a gidan. Ni dai na san akwai wani ɗaki a zaure da Iya ba ta yarda a ba kowa haya ba.

Ina shekara goma sha uku na shiga silimar. Wani ɗan ajinmu, yayansa ke tsaron ƙofa, shi ya shigar da ni. Na ga Maƙwabci da idona: dogo, fari, gashi ya sha mai. Babu wata uwa a fim ɗin, rigimar gona ce, a ƙarshe ya auri 'yar mai gonar aka tashi. Abokin nawa kuma ya cika ni da ilimi. Ya ce ai duk wasa ne, mutumin biyansa ake yi, fim ɗin yau ma ya girmi na makon jiya, waƙar kuma wani ne daban ke rerawa, shi baki kawai yake motsawa. Na dawo gida kaina ya kumbura, ina jin na fi kowa sani a unguwar.

Washegari tatsuniyar Iya ta hau katanga, yara suka tare ta. Tana cikin cewa Maƙwabci ya isa wani gari ya tambayi masu gona ko sun ga wata tsohuwa ta wuce, sai na ce, "Ƙarya ne, Iya."

Da bakin nan nawa na faɗa, a gaban 'ya'yan maƙwabta. Har yau idan na tuna sai na ji kamar in nutse.

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da juya gyaɗarta. "Ashe Maigida ya je ya gano."

"Na gano."

"Yana da kyau?"

"Yana da kyau. Dogo ne."

"Uwar fa?"

"Babu wata uwa. Kuma ba mutuwa yake yi ba, wasa ne. Waƙar ma ba shi ke yi ba."

Ta saki ludayin har ƙaurin gyaɗa ya tashi, abin da ban taɓa gani ba a hannunta. Sannan ta sauke kaskon ta ce, "To madalla. Tunda ka gani da ido, daga yau kai za ka riƙa ba su."

Na gyara zama na ba su. Cikin ɗan lokaci na gama, domin abin da na gani ba shi da yawa: an yi faɗa, an yi rawa, an yi aure. Babu wanda ya tambaye ni komai. Yara suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Da gari ya waye Iya ta sa aka kwashe duwatsun murhunta aka mayar kusa da rijiya, wai hayaƙi yana ɓata wa mutane katanga. Ba ta sake yin tatsuniya ba. Ba ta kuma yi fushi da ni ba, wannan ne ma ya fi muni. Da ta zage ni, da na sami ƙofar ba da haƙuri. Amma ta ci gaba da tsokanata da ba ni gyaɗa kamar babu abin da ya faru, ni kuma na ci gaba da karɓa.

Shekaru suka tafi. Karatu ya kai ni ƙasar Sin, birnin Guangzhou, kasuwa kuma ta riƙe ni a can. Wajen ƙarshen shekarun casa'in, fataken gida sun fara zuwa sayen kaya ɗai-ɗai, babu mai jin yaren, sai na zama tafintansu. Ni ne daga kasuwar Shisanhang zuwa manyan kantunan tufafi na titin Guangyuan, ina juya maganar Bakano zuwa kunnen Basine, ina juyo ta. Wanda ya raina aikin kunne, ga shi da kunne yake cin abinci. Shekara huɗu ban leƙa gida ba, kullum ina cewa sai baɗi.

Matattararmu ofishin wani dattijo ne mai aika kaya ta ruwa, Alhaji Mumuni, mutumin zangon Kumasi. Ɗan ɗaki ne a saman bene kusa da tashar jirgin ƙasa, an raba shi biyu da katako, gefe ɗaya tebur da waya, ɗaya gefen tabarmar salla da buta. Hausarsa irin ta can ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya" ne. Mukan tsokane shi, shi kuma ya ce mu Kanawa mun cika wahalar da harshe.

A nan wani bafatake daga Kano ya miƙo mini ƙullin leda. A ciki akwai soyayyar gyaɗa da kaset, domin a lokacin haka ake wasiƙa da wanda ba ya rubutu. Na sa a rikodar Alhaji. Mahaifina ya fara, ya jero gaisuwar dangi kaf. Sai aka yi ɗan ƙugi, aka ce, "Yi magana, Iya, yana ɗauka."

"Maigida," in ji ta. Muryar ta yi siriri, amma bakin yana nan. "Mata na sani da yaji. Ban taɓa jin miji ya yi yaji shekara huɗu ba. To ga labari: an rufe silima, an mai da ita wurin ajiye buhunan taki. Maƙwabci ya tashi ko sallama bai yi mini ba. Gidan ya yi mini shiru da yawa. Ka zo in ƙarasa maka labarinsa, tunda kai ka katse ni. Na san ƙarshen, kuma ba kowa zan ba ba. Kada ka tsaya neman tsaraba. Ƙafafuna sun fara kumbura, ba na son jira."

Ashe ba ta manta ba. Shekara goma sha biyar tana riƙe da maganar, tana ba ni gyaɗa.

Alhaji Mumuni ya kashe rikodar da kansa. Ya sa na ba shi labarin tun daga katanga har zuwa Baffa Ilu. Da na gama ya ce, "Ɗan Kano, tsohuwa nan ya kira ka. Gobe ka nemi tikiti."

"Baba Alhaji, akwai kayan mutum uku a masana'anta. Amana ce. Sati uku kawai."

"Sa yaron Damagaram nan ya tsaya maka. Shi ma yana jin yare."

Gaskiya ya faɗa, akwai wani ɗalibi ɗan Nijar da zai iya. Na yi ta kame-kame. Sai ya ce to in ba zan tafi ba, in yi kaset, bafataken zai koma ranar Alhamis. Na ɗauki rikodar na shiga bayan katako, na danna. Na gaishe ta, na tambayi ƙafa, na yi mata wasan miji da mata. Da na zo kan maganar sai harshena ya yi nauyi. Kalma uku ce, "Iya, ki yafe ni," in an ƙirga da sunanta huɗu. Ni da nake juya maganar mutane daga safe zuwa yamma, na kasa fitar da tawa. Na goge kaset ɗin, na ce wa Alhaji ai irin wannan magana sai ido da ido.

Maimakon haka sai dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ɗauka dabara ce mai kyau. Injin kallon fim na faifan sidi ya fito, kowane kanti a Guangzhou shi ake talla. Na ce zan saya mata, in nemo faya-fayan Maƙwabci, in kai mata har ɗaki ta ga fuskarsa. Shi ne ban haƙurina, ba sai na buɗe baki ba. Ka ji wauta. Bayan duk shekarun nan, ina nan dai ina ganin abin da Iya ta rasa shi ne ido.

Injin bai yi wuyar samu ba. Faya-fayan ne suka ba ni ruwa. Kwana goma sha biyu ina yawo cikin zafi mai danƙo, rigata na manne da baya, ina shiga lungunan masu sayar da faifai. In ce, "Loban," wato mai kanti, "akwai na Indiya?" Su kaɗa hannu su ce, "Meyo, meyo," wato babu. Na karate kam ga su nan tuli. Daga ƙarshe wani ɗan Pakistan mai sayar da kayan yaji ya zaro mini guda huɗu daga ƙarƙashin teburinsa.

Muka gwada a ofishin Alhaji da la'asar. Da hoton ya fito ban gane shi ba. Gemu ya yi furfura, ga tabarau, ga tafiyar da sai ya dafa kujera. Ba shi ke rawa ba yanzu, wasu yara ne, shi uban ɗaya daga cikinsu ne.

Alhaji ya riƙe haɓa. "Kai! Mutumin nan har yanzu yana aiki nan? Tun ina saurayi a Kumasi nake ganin shi. Bai huta ba?"

Na tashi na zagaya bayan katako don in yi alwala. Ina tsugune da buta a hannu, ba na ganin talabijin, sai ya yi magana. Ruwan ya zube mini a ƙafa. Ita ce muryar, wadda ke tsallako katangarmu, ta dushe ta yi kaushi amma ita ce. Ban san abin da yake cewa ba. Na dai ji mutum yana kiran wani da ba ya kusa, kiran wanda ya daɗe yana kira. A nan, a tsugune, na ji abin da Iya ke ji. Ba ƙarya ta yi mana ba. Ɗanta take saurare, tana ba shi uzuri gari bayan gari, tana hana Mutuwa karɓarsa. Ni kuma na zo a gaban yara na ce mata babu wata uwa.

Na fito idona jajur. Alhaji bai tambaye ni ba. Ya rage ƙarar talabijin ya ce, "Zango ya cika da irin Baffanka. Ba mugaye ba ne. Kowa yana jira ya samu abin da zai riƙe a hannu kafin ya koma gida. Na binne su da yawa, ɗan Kano."

Ka ce daga nan filin jirgi na nufa? Ina! Na yanki tikiti, amma na ranar Asabar ta sama, don kayan mutane saura kwana takwas su fito, kuma na ga tunda na jira sati biyu, me kwana takwas zai yi. Har na zauna na naɗe injin da tsofaffin riguna don kada ya bugu a hanya.

Ranar Laraba da hantsi wayar ofis ta yi ƙara. Alhaji ya ɗauka, ya saurara, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Mahaifina ne, daga shagon da ake buga waya.

"Habibu, sai haƙuri. Iya ta cika jiya da asuba, an kai ta."

Na yi salati. Sai na ji bakina yana tambaya ko ta sha wahala.

"Ba ta sha ba. Sai dai tun da aka aika maka kaset ɗin nan ta sa aka mayar da murhunta gindin katanga. Ba ta iya suyar ma, amma kullum bayan magariba sai an hura mata wuta an kai ta ta zauna. Ta ce a nan ka katse ta, a nan za ta ƙarasa maka."

Na tafi ranar Asabar ɗin, tunda tikiti yana hannu. Na tarar da duwatsu uku a gindin katanga da toka a tsakaninsu, bayan katangar kuma warin taki. Na bi 'yan gidan ɗaya bayan ɗaya, har yaran da muka zagaye murhun tare, waɗanda yanzu suke da nasu 'ya'yan, ina tambaya ko ta faɗa wa wani ƙarshen. Babu wanda ta faɗa wa. Injin kuwa ban kwance shi daga rigunan ba, na bar wa ƙannena.

Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kada ka ji kunyar uwarka. Wannan kowa ya sani, ba sai an hura wuta ba. Abin da ya ɗauke ni shekaru kafin in gane shi ne, saurayin nan bai rasa komai da zai kai mata ba. Bakinsa kawai ake jira, kuma yana tare da shi tun daga tasha. Ni ma nawa yana tare da ni a bayan katakon Alhaji Mumuni, ga rikoda a hannu, ga mai tafiya ranar Alhamis. Na yi nadamar abin da na faɗa ina shekara goma sha uku, amma wancan yaro ne. Wanda ya goge kaset ɗin babba ne, da gemunsa, kuma shi na kasa yafe wa.

An ce jarumin ya ci gaba da fitowa har ya kai matsayin kaka a fim. Ban sake kallonsa ba. Idan yarana suka kunna fim ɗin da yake ciki, nakan koma ɗaya ɗakin in bar ƙofa a buɗe kaɗan. Wani lokaci bayan magariba nakan ba su labarin Maƙwabci yadda na ji shi, da shaƙe murya da komai, ko da yake ban kai Iya ba. In ce ta hau katanga, su ce ta diro su tare ta. Kuma kullum idan Mutuwa ta kore shi ya koma hanya, ƙaramarsu, wadda na sa wa sunan Iya, takan ja hannun rigata.

"Baba, zai same ta kuwa?"

Nakan ce mata ban sani ba. Wadda ta sani ta kira ni in zo in ji, na tsaya neman tsaraba.